Daga Sandar Rufi Zuwa Kabon: Tarihin Cinikin Itacen Mangurof a Gabashin Afirka

A gaɓar Tekun Indiya ta nahiyar Afirka, tun daga kudancin Somaliya har zuwa Mozambik, akwai wani irin daji da ke tsirowa a cikin taɓo mai gishiri, a wuraren da ruwan teku ke cikowa ya rufe ƙasa sau biyu a kowace rana sannan ya janye. Itatuwan wannan daji su ne masana ke kira mangurof, mutanen gaɓar kuma, masu magana da harshen Suwahili, suna ce musu mikoko. Sama da shekara dubu ke nan ana cinikin wannan itace tsakanin Afirka da ƙasashen Larabawa da Farisa, kuma a tsawon wannan zamani abin da ake lissafawa a matsayin dukiyar dajin ya ɗauki kama uku: da fari sandar rufin ɗaki ce, daga baya ɓawon jimar fata ya shigo, a yau kuwa sinadarin kabon ne da saiwoyin itacen ke zubawa cikin taɓo. Kowace kama daga cikin ukun nan mai saye na nesa ne ya yanke mata daraja, kuma biyun ƙarshe kowacce ta zo da sabuwar doka game da wanda ke da ikon shiga dajin, abin da ya sa ba a iya raba tarihin cinikin da tarihin mallakar dajin kansa.

Itacen da wurin zamansa

Mangurof taron nau'o'in itatuwa ne da suka yi tarayya wajen jure gishiri da zama cikin ruwa, kuma a gaɓar Kenya kaɗai an ƙididdige nau'i tara. Taɓon da suke tsaye a kai jiƙe yake ko da yaushe, iska ba ta ratsa shi, don haka kowane nau'i yana da dabarar da saiwoyinsa ke numfashi da ita. Wanda ake kira mkoko, wato Rhizophora a wurin masana tsirrai, saiwoyinsa daga jikinsa suke fitowa sama da ƙasa, su lanƙwaso su nutse cikin taɓo su tokare shi ta kowane gefe. Wanda ake kira mchu kuwa nasa a shimfiɗe suke a ƙarƙashi, amma suna turo dubban tsinkaye sama, waɗanda ke shaƙar iska idan ruwa ya janye. Da yake itatuwan a cunkushe suke tashi, kowanne na neman hasken rana, sai su miƙe sambal ba reshe sai can sama, kuma mkoko da ɗan'uwansa mkandaa cike suke da tanin, sinadarin nan mai bauri da ake jeme fata da shi, wanda ke sa gara da ruɓa su daɗe ba su ci ƙarfinsu ba. Dazuzzuka biyu ne suka fi shahara a cinikin: na tsibiran Lamu a arewacin Kenya, inda kimanin kashi 60 cikin ɗari na hekta 61,000 na mangurof ɗin ƙasar yake, da na bakin kogin Rufiji a Tanzaniya, inda kogin ya rarrabu kafin ya faɗa teku, wanda faɗinsa ya kai kimanin hekta 50,000.

A ɗaya gefen ruwan, wato gaɓar Tekun Fasha da kudancin yankin Larabawa, akwai birane masu arzikin fatauci da lu'ulu'u amma ba su da daji. Dabino ne itacensu, shi kuwa jikinsa zare-zare ne, yana iya rufa ƙaramin ɗaki amma ba ya ɗaukar nauyin bene. Abin da ya haɗa mai buƙata da mai kaya shi ne iskar teku mai juyawa da lokaci. Daga wajen watan Disamba zuwa Maris tana busowa daga arewa maso gabas, ita ce kaskazi a bakin mutanen gaɓar, kuma ita ke koro jiragen katako masu tafiya da ƙyalle daga Kuwait da Basra da Oman da Indiya zuwa Afirka. Daga Afrilu sai ta juya ta zama kusi, mai busowa daga kudu, ta mayar da su gida. Tafiya ɗaya ake yi a shekara, kuma jirgin da ya kawo dabino da busasshen kifi da gishiri da dardumomi ba ya komawa fanko, dole ya nemi kaya mai nauyi wanda ba ya lalacewa a hanya kuma ba ya kwantai a kasuwa. Sandar mangurof ta cika waɗannan sharuɗɗa duka.

Daga Siraf zuwa Zanzibar

Shaida mafi daɗewa da ake kafa hujja da ita ta fito ne daga masanin labarin ƙasa Al-Istakhari, wanda ya rayu a ƙarni na 10 na Miladiyya, inda ya bayyana cewa gidajen Siraf, babbar tashar jiragen ruwa a gaɓar ƙasar Iran ta yau, benaye ne masu hawa da yawa, kuma daga cikin itacen gininsu akwai wanda ake kawowa daga ƙasar Zanj, sunan da Larabawa suka ba gaɓar gabashin Afirka. Yawancin masana tarihi sun tafi a kan cewa sandunan mangurof yake nufi. Tonon kufai ya ƙarfafa wannan fahimta, domin David Whitehouse, wanda ya yi aiki a Siraf daga 1966 zuwa 1973, ya tono harsashin manyan gidaje, yayin da Neville Chittick a tsibirin Manda da Mark Horton a Shanga, dukansu a yankin Lamu, suka sami tsingaron tangaran da tuluna na yankin Tekun Fasha na ƙarni na 9 da na 10. Marubutan wancan zamani sun fi mayar da hankali ga hauren giwa da ambar da zinariya da bayi, saboda tsadarsu, amma kaya masu tsada ba sa cika jirgi, kuma itace shi ne kayan da ke cika shi. Siraf ta durƙushe bayan girgizar ƙasa ta shekarar 977, fatauci ya koma Kish, daga nan ya koma Hormuz. Turawan Fotugal sun iso Malindi a 1498, suka gina ganuwar Fort Jesus a Mombasa a 1593, Larabawan Oman suka ƙwace ta a 1698. Sarauta ta yi ta sauya hannu, amma biranen hamada ba su daina buƙatar sandar rufi ba.

Babu inda tasirin wannan sanda ya fito fili kamar a fasalin gini. Sandar da ake kira boriti, wadda kaurinta a gindi ya kai kimanin santimita 12 zuwa 14, ita ake jerawa kusa da kusa a kan bango, a Lamu da Zanzibar a ɗora mata dutsen murjani da farar ƙasa, a Kuwait kuma, inda ake ce mata candal, a shimfiɗa mata tsagaggen gora da tabarma sannan a zuba laka. Nauyin da za ta iya ɗauka ba tare da ta lanƙwashe ba shi ya yanke faɗin ɗaki, wanda da wuya ya wuce mita uku da 'yan kai, don haka ɗakunan tsofaffin gidajen Lamu dogaye ne ƙuntatattu, a jere ɗaya bayan ɗaya daga tsakar gida zuwa ƙurya. Maginin Kano ko Zariya ya san irin wannan matsala, tunda tsawon azara ne ke yanke masa faɗin soro, sai dai shi ya fita daga ƙuncin ta hanyar bakan gizo, maginin Lamu kuwa ta hanyar tsawaita ɗakin. Lokacin da hukumar UNESCO ta sanya tsohon garin Lamu cikin wuraren tarihi na duniya a 2001, dutsen murjani da itacen mangurof ta ambata a matsayin kayan gininsa.

A ƙarni na 19 cinikin ya bunƙasa ƙwarai, musamman bayan Sayyid Sa'id, sarkin Oman, ya mayar da fadarsa Zanzibar wajen shekarar 1840, garin ya cika da benayen attajiran kanumfari da hauren giwa, kowane bene kuma na cin ɗaruruwan sanduna. A wannan zamani ne bakin kogin Rufiji ya zama rumbun itacen Zanzibar da na jiragen Larabawa. Cinikin yana da ma'auninsa da rabe-rabensa: ana sayar da sanduna ne a korija, wato ashirin-ashirin, kuma ana rarraba su bisa kauri, daga fito, siririyar tsumagiyar da ake saƙa bangon laka da ita, zuwa pau da mazio, sannan boriti, har zuwa nguzo, wadda ake kafawa ginshiƙi.

Aikin masara

Wahalar cinikin kuwa a wuyan masara, wato masu saran itacen, take, waɗanda a yankin Lamu yawancinsu Bajunawa ne na tsibiran Pate da Ndau. Wata ne ke tsara musu aiki, domin sau biyu a kowane wata, lokacin tsayuwarsa da lokacin cikarsa, teku ke yin babbar cikowa da suke kira bamvua, kuma a waɗannan kwanaki ne kaɗai kwalekwale ke iya kutsawa can cikin ƙananan mashigan ruwa inda miƙaƙƙun itatuwa suke. Masari yakan sauka cikin taɓon da ke kai masa gwiwa ko cinya, ya ratsa tsakanin saiwoyin da ƙananan dodon-koɗi masu kaifin ɓawo suka manne wa, ya zaɓi itacen da ya miƙe, ya sare shi da gatari a saman saiwoyin, ya sassabe rassan, ya saɓa shi a kafaɗa ya koma da shi bakin ruwa, sauro na cizonsa, jan ruwan ɓawon na rina masa jiki da tufafi. Dole ne a gama lodi kafin ruwa ya janye, in ba haka ba kwalekwalen ya kwana a kan taɓo. Galibi attajirin gari ne ke ba masara bashin abinci da kuɗi kafin su fita, su biya da itace idan sun dawo, ta yadda riba mai tsoka takan tsaya a hannun mai jari da mai jirgi.

Wani matuƙin jirgi kuma marubuci ɗan Ostireliya, Alan Villiers, ya ga wannan aiki da idonsa lokacin da ya bi wani jirgin Kuwait a tafiyar 1938 zuwa 1939, daga Aden zuwa Zanzibar, daga can zuwa bakin Rufiji, sannan zuwa Kuwait, kuma ya bayyana shi a littafinsa Sons of Sindbad da ya fito a 1940. Bayaninsa ya nuna cewa makonnin lodin itace a Rufiji su ne mafi tsanani a duk tafiyar, saboda ruwan sama da zazzaɓi da ƙarancin abinci, kuma ma'aikatan jirgin da kansu suke shiga taɓo su kwaso sandunan.

Zuwan Turawa da dokar gandun daji

Kafin mulkin mallaka, shiga daji yana hannun shugabannin garuruwan gaɓar da wakilan sarkin Zanzibar, waɗanda ke karɓar nasu kaso daga masu jirage. Da Jamus da Birtaniya suka raba yankin a tsakaninsu a ƙarshen ƙarni na 19, sai suka tarar da ciniki mai kawo kuɗi wanda ba ya buƙatar su zuba jari. A 1898 gwamnatin mulkin mallaka ta Jamus ta karɓe ikon mangurof ɗin Rufiji ta kafa masa hukumar daji, a 1904 kuma ta fitar da dokar keɓe gandun daji a duk faɗin ƙasar. A daidai wannan lokaci ne kama ta biyu ta bayyana, domin masana'antun jima na Turai sun gano cewa ɓawon mkoko da na mkandaa suna da tanin mai yawa, aka shiga ɓare itatuwa ana shanya ɓawon ana loda shi a jiragen tururi. Wannan ciniki ya fi na sanda ɓarna, saboda manyan tsofaffin itatuwa yake nema, kuma itacen da aka ɓare mutuwa yake yi a tsaye. Masanin tarihi Thaddeus Sunseri, a littafinsa Wielding the Ax na 2009, ya nuna cewa hana mutane dazuzzukan da suka gada yana cikin koke-koken da suka rura wutar tawayen Maji Maji, wanda ya ɓarke a 1905 a tsaunukan Matumbi da ke kudu da Rufiji.

Birtaniya, wadda ta gaji Tanganyika, ƙasar da Rufiji ke ciki, daga hannun Jamus bayan Yaƙin Duniya na Farko, ta ɗora a kan wannan tsari, kuma a Kenya wata sanarwar hukuma ta 1932 ta mayar da dazuzzukan mangurof gandun gwamnati. Daga nan sara ya koma sai da lasisi, kuɗin hukuma a kan kowace korija, kuma malamin daji ne ke buga wa sanduna hatimi kafin a loda su. Lasisin kuwa ba kasafai yake zuwa hannun masari ba, attajirai ne ke samunsa, ta yadda mutumin da kakanninsa suka yi ƙarnuka suna shiga dajin ya wayi gari ɗan ƙodago ne a cikinsa, ko kuma mai laifi idan ya sari sandar gyaran ɗakinsa ba izini. Gwamnatocin da suka zo bayan 'yancin kai ba su sauya wannan ginshiƙi ba, dajin ya ci gaba da zama na hukuma.

Faɗuwar cinikin sanda

Man fetur ne ya karya cinikin. Kuwait ta fara fitar da ɗanyen mai a 1946, kuma cikin shekaru kaɗan siminti da rodi suka maye gurbin candal, ma'aikatan jirage kuma suka bar teku suka koma aikin albashi. Juyin juya halin Zanzibar na Janairun 1964 ya yanke hulɗar tsibirin da jiragen Larabawa, abin da ya rage na cinikin ya koma Lamu da Mombasa, har zuwa 1982 lokacin da gwamnatin Kenya ta hana fitar da sandunan mangurof waje gaba ɗaya. Hanin ya jefa iyalai da dama na Lamu cikin ƙunci, kuma bai tsayar da sara ba, domin garuruwan gaɓar da otal-otal ɗin 'yan yawon buɗe ido sun ci gaba da neman sanda, masu ƙona farar ƙasa da masu gawayi kuma suna neman itace.

Abin lura shi ne cewa ƙarnukan da aka yi ana saran sanda sun nakasa dajin amma ba su shafe shi ba. Masari zaɓe yake yi, yana ɗauke miƙaƙƙe ya bar karkatacce, don haka a wuraren da aka fi matsa wa lamba itatuwan suka koma gajeru masu gwame, mkandaa kuma ya mamaye gurbin mkoko, amma ƙasar ta ci gaba da zama a rufe, saiwoyi na riƙe da ita. Ɓarnar da ke shafe daji ta zo ne da share fili ƙaƙaf: filayen shanya ruwan teku don samun gishiri a arewacin Malindi, gonakin shinkafa a arewacin bakin Rufiji, da gine-ginen tashoshin ruwa irin na sabuwar tashar Lamu da aka buɗe a 2021. A 1997 gwamnatin Tanzaniya ta amince da wani shiri na kiwon jatan lande a kan kimanin hekta 10,000 na bakin Rufiji, mazauna ƙauyukan suka tashi tsaye har da zuwa kotu, shirin ya ruguje kafin a fara shi. Binciken hotunan tauraron ɗan'adam ya nuna cewa Kenya ta yi asarar kimanin kashi 18 cikin ɗari na mangurof ɗinta tsakanin 1985 da 2010.

Dukiyar da ke ƙarƙashin taɓo

Bambancin da ke tsakanin saran zaɓe da share fili bai fito sosai ba sai da masana suka juya ga abin da ke faruwa a ƙarƙashin ƙasa. Kowane itace yana zuƙo iskar kabon dayoksaid ta ganyensa, wato iskar nan da yawanta a sararin sama ke haddasa ɗumamar yanayi, ya haɗa ta da ruwa da hasken rana ya mayar da ita sukari. Mangurof yana tura kaso mai yawa na wannan abinci zuwa saiwoyinsa, saboda tsayuwa a taɓo mai laushi da tace gishiri aiki ne da ke buƙatar saiwa mai yawa. Ta hanyoyi uku kabon ke fita daga saiwar ya shiga ƙasa. Ta farko ita ce mutuwar ƙananan saiwoyi masu sirantakar zare, waɗanda ba sa daɗewa a raye, suna mutuwa a inda suke wasu na maye gurbinsu. Ta biyu ita ce tsattsafar saiwa, wato ruwan da rayayyar saiwa ke fitarwa a hankali, mai ɗauke da sukari da sinadarai masu tsami, wanda ke ciyar da ƙwayoyin bakteriya da ke kewaye da ita, su kuma su sassauto mata da abincin da ke ɗaure a ƙasa. Ta uku ita ce numfashin saiwar kanta, wanda ke sakin iskar kabon kai tsaye cikin ruwan da ke tsakanin ƙwayoyin taɓo. Ban da waɗannan, saiwoyin da ke sama suna rage gudun ruwa, su tare ganye da laka su kwantar da su.

A ƙasar tudu, inda iskar oksijin ke ratsa ƙasa, ƙananan halittu kan cinye mataccen ganye da saiwa cikin ɗan lokaci, kabon ɗin ya koma sama. A taɓon mangurof kuwa oksijin ba ya wuce fatar ƙasa, don haka ruɓa na tafiyar hawainiya, kuma bakteriyar da ke aikin sun dogara ne da salfet, wani gishirin farar wuta da ke cikin ruwan teku, abin da ke haifar da warin ruɓaɓɓen ƙwai da duk mai shiga dajin ya sani, kuma yake rage fitar iskar metan wadda fadamun ruwan daɗi ke fitarwa da yawa. Wani kaso na kabon ɗin yana mannewa da laka da ƙarfen da ke cikin ƙasa ya zauna, wani kuma yana narkewa a ruwa ya bi ramukan ƙaguwa ya fita zuwa teku duk lokacin da ruwa ya janye. A 2008 Steven Bouillon da abokan aikinsa suka lissafa cewa fiye da rabin kabon da mangurof ke zuƙowa ba a san inda yake shiga ba, kuma binciken da ya biyo baya ya nuna cewa babban kaso daga ciki ta wannan hanya ta ruwa yake fita.

Abin da ya zauna kuwa taruwa yake yi shekara bisa shekara. A tsibiran Belize da ke yankin Karibiyan, Karen McKee da abokan aikinta sun sami baƙar ƙasa ta matattun saiwoyi mai zurfin da ya kai mita 10, wadda ta taru cikin shekara 7,000 zuwa 8,000, kuma ita ke ɗaga dajin sama yayin da ruwan teku ke ƙaruwa. A 2009 wani rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya yayata sunan shuɗin kabon ga wanda dazuzzuka da ciyayin bakin teku ke adanawa, a 2011 kuma Daniel Donato da abokan aikinsa, bayan auna dazuzzuka 25 a yankin tekunan Indiya da Fasifik, suka ba da matsakaicin tan 1,023 na kabon a kowace hekta, wanda kashi 49 zuwa 98 cikin ɗari nasa a cikin ƙasa yake. Ma'anar wannan ga tarihin cinikin a fili take: masarin Ndau da ya saɓi boriti ya bar mafi yawan kabon ɗin dajin a ƙarƙashin ƙafarsa, kuma muddin sababbin itatuwa sun tashi a gurbin, ajiyar tana nan. Wani gwaji da aka yi a mashigin Gazi, kudu da Mombasa, wanda aka wallafa a 2014, ya nuna abin da ke biyo baya idan aka kashe duk itatuwan fili ɗaya: ƙasar ta riƙa lotsawa da kimanin santimita 3 a shekara saboda saiwoyin sun mutu sun ruɓe, kabon ɗin da ke cikinta kuma ya riƙa fita, alhali filayen da ba a taɓa ba suna ɗan ƙara tudu.

Sabon ciniki da tsohuwar tambaya

A Gazi ɗin nan ne kama ta uku ta zama ciniki. Tun farkon shekarun 1990 James Kairo na Cibiyar Binciken Teku da Kamun Kifi ta Kenya ya fara dashen mangurof tare da mutanen ƙauyen a filayen da masu neman itacen wuta suka share a baya, kuma dokar dazuzzuka ta 2005 ta ba ƙungiyoyin al'umma damar shiga yarjejeniyar kula da daji da hukuma. A kan waɗannan tubala biyu, tare da haɗin gwiwar Mark Huxham na Jami'ar Edinburgh Napier, aka kafa shirin Mikoko Pamoja a 2013, wanda shi ne na farko a duniya da al'umma ke sayar da shaidar kabon daga mangurof. Ƙauyukan Gazi da Makongeni suna tsare hekta 117, suna dasa sababbin itatuwa, ana auna abin da dajin ya adana, a sayar da shaidar kimanin tan 3,000 na iskar kabon a shekara ƙarƙashin ƙa'idar Plan Vivo ga masu son biyan diyyar hayaƙin da suke fitarwa. Taron ƙauye ne ke yanke abin da za a yi da kuɗin, kuma an kashe su a kan ruwan sha da littattafan makaranta da gyaran azuzuwa. An kuma dasa gonar wasu itatuwa a tudu domin masu gini su sami sanda ba tare da shiga dajin ba. Shirin ya sami lambar yabo ta Equator a 2017, kuma a 2019 aka kafa irinsa a Vanga, kusa da iyakar Tanzaniya, a kan hekta 460.

Wannan nasara ce ta gaske, amma tarihi yana kira da a yi hattara. Mai sayen kabon, kamar mai sayen candal da mai sayen ɓawo, yana nesa, shi ke yanke farashi, kuma yana iya juya baya rana ɗaya kamar yadda Kuwait ta juya ga siminti. Haka kuma duk lokacin da darajar dajin ta tashi a idon waje, hannun hukuma da na masu jari kan riga na mazauna wurin isa gare shi. Lokacin da gwamnatin Kenya ta hana saran itace a duk dazuzzukanta a 2018, masaran Lamu, waɗanda sana'arsu ta girmi kowace gwamnati a yankin, sun zauna ba aiki har sai da aka sassauta musu a 2019. Abin da ya bambanta Gazi da Rufiji ta zamanin Jamus shi ne cewa a Gazi mutanen ƙauyen ne ke riƙe da yarjejeniyar, su ke gadi, su ke raba kuɗin, kuma Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo.

Darasin bai tsaya a gabashin Afirka ba, domin Najeriya ce ke da dajin mangurof mafi girma a nahiyar, a yankin Neja Delta, inda malalar mai ta riga ta kashe wurare masu yawa kamar yadda rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya kan ƙasar Ogoni ya tabbatar a 2011, kuma maganar kasuwar kabon ta fara shigowa can ma. Ya wajaba ga hukumomi da masana da ke tsara irin waɗannan shirye-shirye su tabbatar da haƙƙin mazauna bakin ruwa a rubuce kafin a sayar da tan ko ɗaya, su bar musu saran zaɓe mai tsari wanda dajin ya nuna yana iya jurewa, su kuma hana share fili, tunda shi ne ke fitar da ajiyar dubban shekaru cikin 'yan shekaru kaɗan. Cinikin kabon da ya kori masari da masunci daga dajin zai maimaita kuskuren dokar 1898 ne kawai, kuma ba zai ɗore ba.